Yadda ake zama mai bincike a jami'a kan fasahar VR da ƙirƙirarriyar basira a harkar koyarwa

Matasanmu na Aboabo da Asawase da Sawaba, a nan Kumasi ta ƙasar Gana, sukan tare ni a Tech Junction ko a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, kuma kusan kowa da tambaya ɗaya yake farawa, wato wane tabarau na VR ya kamata ya saya, kuma nawa ne kuɗinsa a Adum. Ina jin daɗin wannan sha'awa ƙwarai, sai dai amsata ba ta canzawa: wanda yake son ya zama mai bincike a wannan fanni ya fara da sanin aji da yadda yaro yake koyo, na'ura ta biyo baya. Abin da zan shimfiɗa a nan shi ne hanyar tun daga kammala sakandare har zuwa samun kujerar koyarwa a jami'a. Ina magana da namiji da mace baki ɗaya, ko da na riƙa cewa "ka".

Mataki na farko: ka san abin da fannin ya ƙunsa

Abubuwa biyu ne aka haɗa a nan. Na farko shi ne fasahar nutsar da mai kallo cikin hoto. A VR mutum yana sanya tabarau da ke rufe masa ido gaba ɗaya, ya tsinci kansa cikin wata duniya da kwamfuta ta zana, duk inda ya juya kai hoton ya juya tare da shi. A AR kuwa ba a rufe masa zahiri, sai dai a ɗora hoto a kan abin da yake gani, kamar yaro ya ɗora kyamarar waya a kan shafin littafin kimiyya sai zuciyar ɗan Adam ta taso tana bugawa. Ivan Sutherland ya ƙera tabarau na farko irin wannan tun 1968 a Amurka, Paul Milgram da Fumio Kishino kuma suka tsara a 1994 yadda waɗannan fasahohi suke jere a kan layi ɗaya daga zahiri zalla zuwa zane zalla. Saboda haka kada wani ya ruɗe ka cewa abin jiya aka ƙirƙiro shi.

Na biyu shi ne ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI. Jama'a sun farga da ita ne bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen Nuwamba 2022, amma masu binciken ilimi sun shafe shekaru da dama suna gina manhajojin da ke bin amsoshin ɗalibi ɗaya bayan ɗaya, su ƙiyasta abin da ya iya da abin da ya gagare shi, sannan su zaɓo masa tambaya ta gaba. Aikin mai bincike shi ne ya gano ko waɗannan kayan suna sa yaro ya koyi abin da ba zai koya ba in babu su, wane yaro ne, a wane darasi, kuma da wane tsada. Wanda ke ƙera manhaja don ya sayar yana da nasa aikin, amma ba shi ne wannan ba.

Mataki na biyu: digirin farko

Ƙofofi biyu ake shiga ta cikinsu. Akwai wanda ke fitowa daga ilimin kwamfuta ko injiniyancinta, akwai kuma wanda ke fitowa daga fannin koyarwa. A nan Kumasi dukansu suna kusa da gida. Jami'ar KNUST tana da sashen ilimin kwamfuta da na injiniyanci da kuma tsangayar nazarin ilimi, jami'ar da ke Tanoso, wadda aka sani da AAMUSTED, kuma har zuwa 2020 reshe ce ta Jami'ar Ilimi ta Winneba, tana horar da malaman fasahar sadarwa. Wanda ya fi son fita yana da jami'o'in Legon da Cape Coast da Winneba, da kuma Ashesi da ke Berekuso.

Duk ƙofar da ka bi, dole ka cike giɓin ɗaya ɓangaren da kanka. Ɗan kwamfuta ya nemi darasin ilimin halayyar koyo da na auna fahimtar ɗalibi, ko da zama kawai zai yi a bayan aji. Ɗan fannin koyarwa ya koyi Python, harshen rubuta manhaja, har ya iya tsabtace bayanai da zana jadawali, ya kuma ɗanɗana harshen C# wanda ake aiki da shi a Unity, manhajar gina wasanni da VR. Abin da ba wanda zai tsallake shi ne ƙididdiga, domin na ga ɗalibai masu basira da suka gina manhaja mai kyau amma suka kasa faɗin ko bambancin makin da suka gani tsakanin rukuni biyu na gaske ne ko dace aka yi. Wanda yake SHS, wato babbar sakandare, yanzu ya riƙe darasin lissafi na zaɓi da hannu biyu.

Maki ma yana da muhimmanci, kuma gara in faɗa ba tare da kwana-kwana ba. A KNUST daraja ta ɗaya tana farawa ne daga matsakaicin maki 70, kuma yawancin masu ba da tallafin karatu ba sa duba takardar wanda ya gaza daraja ta biyu ta sama. Na san da yawa daga cikin yaranmu suna haɗa karatu da tsaron shago ko taimakon iyaye a Kejetia, kuma ba abu ne mai sauƙi ba, amma shekarar farko da ta biyu su ne suke gina maki ko su rushe shi.

Mataki na uku: ka yi hidimar ƙasa inda ake koyarwa

Shekarar hidimar ƙasa dama ce da mutane suke ɓarnatarwa wajen neman ofis mai na'urar sanyaya ɗaki. Idan ka samu zama mataimakin malami a sashenku na jami'a, ka karɓa, domin nan ne za ka ga yadda ake bincike da idonka kuma malamai su san ka. Idan ba ka samu ba, ka nemi a tura ka JHS, wato ƙaramar sakandare, ko SHS ka koyar da kimiyya ko lissafi ko kwamfuta. Gani ya kori ji. Wanda ya taɓa tsayawa gaban yara hamsin da rana tsaka, da alli guda da fanka da ba ta juyawa, ba zai taɓa rubuta shawarar da ke buƙatar intanet mai ƙarfi da tabarau ga kowane yaro ba.

Ka ajiye littafi a wannan shekara, kullum ka rubuta inda yara suka cije. Wataƙila juyawar duniya da sauyin yanayi ne, ko zagayawar jini, ko yadda ake gane siffa mai tsawo da faɗi da zurfi daga zanen allo. Irin waɗannan darussa, da ake buƙatar ganin abu daga ɓangarori da yawa ko shiga inda ba a iya shiga, su ne VR da AR suka fi alamar amfani a cikinsu. Daga wannan littafi tambayar bincikenka za ta fito.

Mataki na huɗu: ka karanta abin da aka riga aka gano

A nan zan ɗan daɗe, domin nan ne ake bambanta mai bincike da mai talla. Tun 1983 Richard Clark ya kawo hujjar cewa na'urar koyarwa kamar motar dakon abinci take, ba motar ce ke ƙosar da mutum ba, abin da ta ɗauko ne, wato salon koyarwar da aka zuba a ciki. Robert Kozma ya mayar masa da martani cewa wasu na'urori suna ba da damar salon da ba zai yiwu ba in babu su. Har yau ba a rufe wannan muhawara ba, kuma duk wanda zai duba kundinka zai so ya ji inda ka tsaya a cikinta.

Bayan haka ka karanta John Sweller kan nauyin da ƙwaƙwalwa ke iya ɗauka a lokaci guda, wanda ya fara bayyanawa a 1988, da Richard Mayer kan yadda ake haɗa hoto da magana da rubutu ba tare da an cika wa ɗalibi kai ba. Waɗannan su ne za su fahimtar da kai wani sakamako da ya girgiza masu son VR. A 2019 Guido Makransky da abokan aikinsa, har da Mayer, suka wallafa gwajin da suka yi da ɗaliban jami'a a kan darasin ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, wasu a allon kwamfuta wasu da tabarau. Masu tabarau sun fi jin cewa suna cikin wurin da gaske, amma sun koyi ƙasa da abin da masu allo suka koya. Dalilin da aka fi bayarwa shi ne kallon ƙawa da juye-juye sun cinye hankalin da ya kamata ya tafi ga darasin. Wannan bai nuna VR ba ta da amfani ba, ya nuna cewa jin daɗin yaro da koyonsa abubuwa biyu ne da dole a auna kowanne daban.

A ɓangaren AI ka fara da Benjamin Bloom, wanda ya ruwaito a 1984 cewa ɗalibin da aka koyar shi kaɗai da malami guda, ana tabbatar da ya iya kowane babi kafin a wuce, yana zarce kusan kashi 98 cikin ɗari na ɗaliban aji na gama-gari. Wannan adadi shi ne kamfanoni suke yawan ɗagawa. Sai ka bi shi da nazarin Kurt VanLehn na 2011, wanda ya tattara gwaje-gwaje da yawa ya gano tasirin malami guda bai kai yadda Bloom ya faɗa ba, kuma manhajojin da ke bin ɗalibi mataki-mataki sun kusa kamo malamin. Daga nan ka koyi hanyar Albert Corbett da John Anderson ta bin sawun ilimin ɗalibi, wadda suka fitar a tsakiyar shekarun 1990, da yadda Chris Piech da abokansa suka sabunta ta a 2015 da sababbin dabarun koyon na'ura. Jagorar da UNESCO ta fitar a Satumba 2023 kan amfani da AI mai ƙirƙirar rubutu a makarantu ma tana da amfani, musamman shawararta cewa kada a bar yaro ƙasa da shekara 13 ya yi amfani da ita shi kaɗai.

Kada kuma ka ɗauka komai a ƙetare ake yi. An gwada Rori, manhajar koyar da lissafi ta WhatsApp, a makarantun Gana. George Boateng da abokan aikinsa sun gina SuaCode mai koyar da rubuta manhaja a kan waya, da kuma Brilla AI wadda aka yi don ta amsa tambayoyin gasar kimiyya da lissafi ta ƙasa. Ka karanta maƙalunsu da idon mai neman inda aka bar giɓi. Tun daga ranar farko ka sauke Zotero, manhajar adana maƙalu, ka riƙa ajiye duk abin da ka karanta tare da jimla uku na abin da ka fahimta, domin bayan shekara biyu ba za ka tuna wa ya faɗi me ba.

Mataki na biyar: ka gina ƙaramin abu da hannunka

Ba sai ka mallaki tabarau mai tsada ba. Apple Vision Pro ya fito a 2024 a kan dala 3,499, kuma ba ajin da zai gan shi a zango, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran Musulmi. Wayar Android da ke aljihunka ta isa ka fara AR idan tana ɗaukar ARCore, wato manhajar AR ta Google, A-Frame kuma tana ba ka damar gina VR da ke buɗewa a shafin intanet ba tare da an sauke komai ba. Blender kyauta ce don zana siffofi. Ka zaɓi darasi ɗaya daga littafinka, ka gina abin da ba zai wuce minti biyar ba, ka ba ƙannenka su gwada kana kallon inda suka rikice.

Shawara ɗaya daga tarihi: Google ta fitar da Cardboard, tabarau na kwali da ake saka waya a ciki, a 2014, ta gina manhajar VR mai suna Expeditions don makarantu, malamai da yawa suka ɗora darussansu a kai, sannan ta rufe Expeditions a 2021. Kada ka jingina kundin digirinka gaba ɗaya a kan manhajar kamfanin da zai iya janye ta gobe. Abin da ka gina ya zama yana aiki ko babu intanet, kuma ka riƙe asalinsa a hannunka.

Mataki na shida: digiri na biyu da zaɓen tambaya

Idan koyarwa a jami'a kake nufi, MPhil za ka nema, wanda yake ɗaukar shekara biyu da kundin bincike, ba digirin kwas na shekara ɗaya ba. Malamin da zai duba aikinka ya fi sunan sashen muhimmanci. Ka buɗe Google Scholar ka ga abin da ya wallafa a shekaru uku da suka wuce, ka tambayi ɗalibansa na da ko yana karanta babi ya mayar cikin lokaci. Idan za ka rubuta masa, ka nuna ka karanta maƙalarsa guda, ka faɗi tambayarka a jimla biyu, ka haɗa da abin da ka gina. A KNUST akwai cibiyar RAIL mai binciken AI ta amana, wadda Farfesa Jerry John Kponyo yake jagoranta, ya kamata ka riƙa halartar tarukanta ko ba ka cikin sashen. Mai ƙarfin lissafi ya duba cibiyar nazarin lissafi ta AIMS Gana, kuma kowa ya sa ido kan Deep Learning Indaba, taron masu binciken AI na Afirka da aka yi a Legon a 2023, da reshensa na cikin gida.

Tambaya kuwa ta zama ƙarama kuma mai iyaka. "Tasirin VR a ilimin Gana" ba tambaya ba ce, take ne na jawabi. Tambaya ita ce, misali, ko ɗaliban JHS 2 da suka ga zagayawar jini ta AR suna tuna jerin ɗakunan zuciya bayan mako uku fiye da waɗanda aka koyar da zanen allo na tsawon lokaci ɗaya.

A nan ne nake ganin ɗan zango yana da abin da babu mai ƙwace masa. Hausa ba ta cikin harsunan Gana da ake koyarwa ana jarrabawa a kansu a BECE, wato jarrabawar kammala JHS, alhali dubban yara a Kumasi da Accra da ita suke tashi, su yi Twi a kasuwa, Turanci a aji, Larabci a makarantar allo. Hausarmu ta Gana kuma ta bambanta da ta Kano wajen furuci da kalmomin aro, har da yawanmu ba sa rarrabe "ya" da "ta". Manhajojin da ke jin magana ko fassara Hausa galibi da Hausar Najeriya aka horar da su. Shin suna gane yaron Aboabo idan ya yi tambaya da bakinsa? Shin bayanin lissafi da AI ta yi masa da Hausa ya fi shiga kansa, ko kuwa yana rikita shi ne tunda jarrabawa da Turanci za a yi? Shin malaman makarantun da ke ƙarƙashin sashen ilimin Musulunci na hukumar ilimi ta ƙasa, wato GES, za su karɓi irin wannan kaya, kuma da wane sharaɗi? Mai bincike daga Landan ba zai iya zama da limami da iyaye mata ya ji gaskiyar abin da ke ransu ba, kai kuwa gidanku ne. Ƙungiyoyin Masakhane da Ghana NLP da HausaNLP suna aiki kan harsunanmu, kuma suna karɓar sababbin hannu.

Mataki na bakwai: izini da tsara gwaji

Kafin ka taɓa yaro ko ɗaya, kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka ya amince da tsarinka a rubuce. Sannan ka nemi takardar ofishin GES na gunduma, ka kai wa shugaban makaranta, ka samu sa hannun iyaye da yardar yaron kansa. Dokar kare bayanai ta 2012, wato Act 843, ta shafe ka, saboda haka ka sauya sunayen yara da lambobi, kada ka zuba sunansu ko muryarsu cikin manhajar AI da ke aika bayanai ƙasar waje ba tare da an sanar da iyaye ba. A zango takarda kaɗai ba ta isa. Zuwa da kai ya fi aike: ka je ka gaida mai unguwa da liman, ka yi wa iyaye bayani da Hausa a taronsu, ka bar su su sanya tabarau su gani da idonsu. Wannan yana cin makonni, ka sa shi cikin lissafin lokacinka.

Zan faɗi abin da ya same ni a gwajina na farko, don kada ya same ka. Na shiga wani aji da tabarau huɗu na aro, yara sun haura arba'in. Zafin rana ya sa gilashin ya riƙa yin raɓa, sai mun tsaya mun goge. Wata yarinya ta ƙi sanyawa har sai da malama mace ta zo ta gyara mata maɗaurin a kan hijabinta, abin da ban taɓa tunaninsa ba lokacin da nake rubuta tsari. Wani yaro ya cire bayan minti uku ya dafe tebur ya ce, "Malam, ƙasa tana juyawa." Kafin rukuni na ƙarshe ya shiga an ɗauke wuta, caji ya ƙare. Na yi jarrabawa a ranar, masu tabarau suka fi maki, na koma gida da murna. Malamin da ke duba aikina ya tambaye ni minti nawa kowane rukuni ya samu, sai na ga masu tabarau sun samu kusan ninki biyu, kuma ni da kaina na koyar da su alhali ɗaya rukunin malaminsu na kullum ne. Dole na zubar da sakamakon na sake daga farko.

Abin da na koya shi ne wannan. Rukunan biyu su samu darasi ɗaya, lokaci ɗaya, malami ɗaya, na'urar kaɗai ta bambanta. A raba yara ta ƙuri'a, kada malami ya zaɓo maka masu ƙoƙari. A yi jarrabawa kafin darasi, a yi bayansa, a sake yi bayan makonni, domin sabon abu yana ɗaga hankali na ɗan lokaci sannan ya lafa. A bar yara su saba da tabarau a wani darasi dabam kafin ranar gwaji. Jiri da tashin zuciya a auna su, akwai takardar tambayoyi 16 da Robert Kennedy da abokansa suka fitar a 1993 don wannan, kuma duk yaron da ya ce ya gaji a cire masa nan take. Zama ya zama gajere, yaro yana zaune, a goge na'ura tsakanin mutum da mutum, a kiyaye ƙa'idar shekarun da kamfanin ya gindaya. Ka je da batirin ajiya saboda dumsor, wato ɗauke wuta. Idan AI mai ba da amsa kake gwadawa, ka ajiye duk hirar, ka sa malamai biyu su duba sau nawa ta ba da amsar ƙarya da cikakken ƙarfin gwiwa, ka rubuta sunan samfurin da ranar da ka yi aiki da shi tunda ana sauya su ba sanarwa. Sannan ka rubuta hasashenka da hanyar lissafinka ka ajiye a OSF, shafin intanet da masu bincike ke ajiye tsarinsu, kafin ka ga sakamako, don kada zuciya ta ja ka ka riƙa juya alƙaluma har su faɗi abin da kake so.

Idan gwaji ya nuna babu bambanci, ka rubuta haka. Gwamnati da iyaye suna kashe kuɗin da ba su da shi a kan na'urori, kuma wanda ya nuna musu da hujja inda na'ura ba ta ƙara komai ba ya yi wa yara hidima.

Mataki na takwas: wallafawa

Daga kundin MPhil ka fitar da maƙala ɗaya aƙalla. Manyan mujallun fannin sun haɗa da Computers & Education da British Journal of Educational Technology, tarukan kuma akwai AIED da EDM da LAK a ɓangaren AI, da IEEE VR da ISMAR da iLRN a ɓangaren nutsarwa. Ka fara da ƙananan zaman da ake ware wa ɗalibai a waɗannan taruka, inda manya ke gyara maka tunani. Za a mayar maka da maƙala, wani lokaci da kalmomi masu zafi, ka bar ta kwana biyu sannan ka amsa kowace suka ɗaya bayan ɗaya cikin ladabi.

Ka kiyayi mujallun da ke aiko saƙo suna yabonka, suna alkawarin bugawa cikin mako guda idan ka biya dala. Kwamitin ƙarin girma yana watsar da irinsu, kuma tabon yana bin suna. Ka duba ko mujalla tana cikin jerin mujallun da aka tantance, kamar Scopus ko DOAJ ko AJOL, kafin ka aika, ka buɗe lambar shaidar mai bincike ta ORCID, kuma idan ka yi amfani da AI wajen gyara Turancinka ka bayyana yadda mujallar ta tanada.

Mataki na tara: digiri na uku da shiga aiki

Manyan jami'o'in gwamnati a Gana suna neman digiri na uku kafin su ba mutum muƙamin lakcara, mai MPhil yakan fara ne a matsayin mataimakin lakcara. Daga nan sai babban lakcara, sai mataimakin farfesa, sai farfesa, kuma a kowane hawa ana duba koyarwa da wallafe-wallafe da hidimar al'umma. Digirin yana ɗaukar shekara uku zuwa huɗu ga wanda ya ba shi lokacinsa duka. A waje akwai tallafin Commonwealth na Ingila da DAAD na Jamus, a Amurka kuma yawancin sassan kwamfuta suna biyan ɗalibin digiri na uku a matsayin mataimakin bincike. A gida akwai asusun ilimi na GETFund da ofishin tallafin karatu na gwamnati, da kuma guraben da ke zuwa cikin ayyukan da malamai suka samo wa kuɗi, waɗanda galibi wanda aka riga aka sani da aiki ake kira.

Ra'ayina shi ne, wanda ya fita ya yi ƙoƙari ya sa filin bincikensa ya kasance a gida, ya riƙa dawowa yana tattara bayanai a makarantunmu, ya kuma nemi malami na biyu daga jami'ar Gana. Kayan aiki da ɗakunan gwaji suna can, amma ajin da tambayarsa ta fito yana nan. 'Yan'uwa mata da ke haɗa wannan da aure da reno su tattauna da iyali tun kafin a cika takarda, su tambayi mai ba da tallafi ko yana ɗaukar nauyin iyali, domin wasu suna yi wasu ba sa yi.

Idan ka samu aikin, darussa da duba kundin ɗalibai za su nemi cinye makonka gaba ɗaya. Ka ware safiya biyu a mako da ba ka karɓar kowa sai rubutu, ka nemi ƙaramin tallafi na cikin jami'a kafin ka nemi na ƙetare, ka ɗauki ɗalibai biyu ko uku ka ba kowa yanki na tambaya ɗaya babba. Makarantar da ta ba ka yaranta kuwa, ka koma ka gaya wa malamai da iyaye abin da ka gano da harshen da suke ji, ka bar musu manhajar da umarnin aiki da ita a takarda guda, ka kuma nemi izinin dawowa zangon karatu mai zuwa don ka ga ko ana amfani da ita bayan tafiyarka.